Faci Bai Kama Ba

Faci iri biyu ne. Akwai na taya, akwai na kwamfuta. Na kwamfuta ɗan rubutu ne mai cewa a cire layi kaza daga manhaja, a sa layi kaza a gurbinsa. Larry Wall ya fitar da manhajar liƙa shi a 1985. Manhajar Git kuwa, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, ta gaji sana'ar.

Idan faci ya ƙi zama, Git takan faɗi sunan fayil da lambar layi, ta ƙara da cewa bai kama ba. Shi ke nan. Ta gama magana. Dalili kuwa, sai an roƙe ta da wani umarni na musamman, kamar amarya ranar sayen baki. Sau da yawa laifin na ɗan tazara ne a ƙarshen layi, wanda ido ba ya gani.

Mai faci a bakin kasuwar Ɗambatta ya sha bamban. Yana tsoma tif a ruwa, ya nuna inda kumfa ke fita. Ya zaro ƙayar, ya ce ta aduwa ce. Ya faɗi hanyar gonar da aka bi, ya yi wa mai babur faɗa kan buhun gero uku da ya ɗora, ya tambayi lafiyar iyali. Duk kafin gam ya bushe.

Masu gyaran Git sun sha ƙara wa saƙonninta bayani. Har yanzu dai ba ta fara gaisuwa ba.