Neman Tsafe a Hanyar Sakkwato

Ban daɗe da komawa aiki Gusau daga Kano ba aka gayyace ni ɗaurin aure a Tsafe. Tsakiyar Disamba ce, hazo ya sauko har mutum ba ya hango ƙarshen layinsu. Ni kuwa mutum ne mai tsari. Na raba dare a YouTube ina kallon yadda Turawan Kanada ke ɗaura wa taya sarƙa kafin su hau duwatsu cikin ƙanƙara. An ce mini hanyar ta gefen Dutsen Kwatarkwashi take bi, ga kuma duwatsun Tsafe. Dutse ai dutse ne.

Sarƙar dai bakanike ne ya hana ni. "Alhaji, kare za ka ɗaure?" Sauran kuwa ban rage komai ba: bargo, tocila, fulas ɗin shayi, kilishi, man kaɗanya saboda leɓe, da wata jibgegiyar rigar sanyi ta gwanjo mai hana wuya juyawa. Maiɗakina ta leƙa but ta ce, "Malam, yau za ka dawo ko sai da azumi?"

Sai da rana ta ɗaga na fito, don hanyar nan yanzu ba a yi mata sammako, kowa ya san dalili. Batir ya ƙi, yaran maƙwabta suka tura. Ƙura ta rufe gilashi, na fesa ruwa, waifa ta dama ta kamar kunu. Ta 'yar kafar da ta rage nake leƙe har na shiga wani shatale-tale, na zaga, na bi bayan wata tirela.

Ina tafe ina jiran dutse. Shiru. Na ce lallai ƙurar Chadi ta yi ƙarfi bana, tunda ta haɗiye dutse sukutum. Har tsayawa na yi na ɗauki hoton farin sarari, na tura wa abokai a Kano: ga Kwatarkwashi cikin hazo.

Da na shiga gari na tsaya wurin mai shayi, na tambayi inda ake ɗaurin auren.

"Wane ɗaurin aure, Alhaji? Nan Bungudu ta. Hanyar Sakkwato kake."

"To, dutsen fa?"

"Dutsin na ƙaramar hukumarmu na, amma shina can bayan Gusau. Kai ko yamma kay yi."

Na iso Tsafe an shafa fatiha, goro ya ƙare, ana naɗe tabarmi. Ango ya dubi rigata, ya dubi gumin goshina, ya tambaya ko zazzaɓi ne ya tsare ni. Na ce masa wallahi da kyar na taso.