Ranar da Sabuwar Mota Ta Ƙi Jin Totur

A watan Fabrairun 2022 babu motar da ta yi tari a Najeriya ba a ɗora wa fetur laifi ba, kuma da dalili. Ranar 8 ga watan, hukumar da ke sa ido kan rarraba mai ta sanar cewa an gano fetur a kasuwa wanda sinadarin methanol ɗin cikinsa ya wuce ƙa'ida. Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya ce jiragen ruwa huɗu ne suka ɗauko shi daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam, wato garin da aka saba yi mana lodin motocin hannu. Da aka shiga janye gurɓataccen man sai layi ya miƙe a Legas da Abuja, ya bazu zuwa sauran garuruwa. Farashin gwamnati bai wuce naira 165 kan lita ba, amma sai ka samu. 'Yan bumburutu kuwa kakarsu ta yanke saƙa.

A daidai wannan lokaci ne wani ma'aikaci a Kano ya cika burinsa na shekaru. Ya sayi mota sabuwa gal, wadda ba a taɓa hawa ba, da rancen da za a riƙa yanka daga albashinsa. Kujerun suna cikin leda, ya kuma kafa dokar kada a cire. Mai shiga sai ya kakkaɓe takalmi. Yara kuwa ko gyaɗa ba a yarda su ci a kusa da ita ba.

Fitarta ta farko zuwa nesa ita ce ɗaurin auren ƙanin matarsa a Zariya, ranar Asabar. Tun Alhamis ya raba dare a layin gidan mai har ya cika tanki fal. Asabar da sassafe ya kai ta wurin wanki. Yaron ya ce, "Yallaɓai, a haɗa da inji?" Ya tuna surukansa mutane ne masu son a buɗe musu bonet su leƙa, sai ya ce a haɗa. Aka feshe injin da ruwa mai ƙarfi har yana ɗaukar ido.

Uwargida ta zauna a baya tare da ɗan yayarta, wani ɗan sakandare. Gaba kuwa aka ba Kawunta, tsohon direba da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan Fijo 504 tsakanin Kano da Kaduna. A wurin Kawu, tun da kamfanin Fijo na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya daina fitar da 504, ba a sake ƙera mota ba, sai kwali da wayoyi.

Sun wuce Kura lafiya, sanyin na'ura yana busawa. Bayan Kwanar Gafan kaɗan mai motar ya sa sigina zai wuce wata tirela, ya danna totur. Motar ta yi wata karkarwa, ta shiga fizga. Wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta fara ƙiftawa a gaban sitiyari. Ta biyu ta biyo baya, mai hoton mota da layuka biyu a karkace a ƙarƙashinta. Sai kuma rubutun Turanci da ke cewa an rage ƙarfin inji. Allurar gudu ta sauko daga 110 ta tsaya wajen 40. Ya take totur har ƙasa, motar ta yi kunnen uwar shegu.

Tirelar ta yi gaba abinta. Wata J5 da aka yi wa lodin kwandunan tumatir har rufi ta zo ta wuce su, yaron motar yana ɗaga musu hannu. Da A Daidaita Sahu ta yi musu hon ta wuce, sai uwargida ta fara salati.

"Kambun baka ne," in ji Kawu. "Tun ranar da ka kawo ta na ce a yi mata sadaka."

Abin da ya faru a cikin injin bai da alaƙa da bakin kowa. Motocin yanzu ba su da wayar nan ta ƙarfe da ke haɗa totur da inji. Abin da ke ƙarƙashin ƙafar direba sansa ce, tana aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ƙwaƙwalwar ce ke yanke shawarar yawan iska da man da za a ba inji. Idan ta lura wata silinda ba ta ƙona manta yadda ya kamata, sai ta yanke wa wannan silindar mai, a wasu motocin ma ta taƙaita gudu ta hana giya hawa. Da gangan take yi, kamar jakin da ya taka ƙaya ya koma ɗingishi don ya samu ya isa gida. Launin fitilun ma magana ne. Ja, irin ta baƙin mai ko ta zafin inji, na nufin a tsaya nan take a kashe. Ruwan ɗorawa na nufin a je a duba. Amma idan fitilar cek, wato mai siffar injin nan, tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, to wuta ce ke tsallake a silinda, kuma ɗanyen mai yana gangarawa salansa. Fitila ta biyu kuwa ta na'urar hana santsi ce, wadda a motoci da yawa takan kashe kanta da zarar inji ya sami matsala.

Suka gangara gefen titi kusa da wata bishiya inda wani bakanike ya baje kayan aiki. Aka buɗe bonet. Kawu ya naɗe hannun riga ya shiga neman kafireta, ya ga murfin roba ya rufe komai. Ya zagaya hagu ya zagaya dama, ya koma gefe yana tsaki.

Bakaniken bai taɓa komai ba. Ya dai tambaya, "Oga, yaushe ka sha mai?"

"Shekaranjiya."

"Shi ke nan. Man Beljiyam ka sha."

Mutanen da suka taru, daga masu sayar da rake zuwa 'yan acaɓa, duk suka ce ƙwarai kuwa. Ɗan sakandaren nan ya zaro littafin motar daga aljihun gaba, ya buɗe shafin fitilu, ya fara karanta cewa idan wannan fitila tana ƙiftawa a rage gudu, a tsaya, a nemi garejin dillali. Kawu ya ce masa ya rufe wa mutane baki, manya na magana.

Hukunci ya tsaya a kan a juye tanki. Bakanike ya zura tiyo ta bakin tankin, ta ƙi wucewa, domin sababbin motoci suna da wani abin toshiya a wuyan tanki da ke hana zuƙo mai. Sai ya ce dole a bi ta wajen famfon mai, shi kuma yana ƙarƙashin kujerar baya. Aka sauko da uwargida. Aka ɓalle kujera, ledar nan da ake ta lallaɓawa ta yage tun daga wannan gefe har wancan. Mai motar ya juya baya don kada ya gani.

Man da aka raba dare a kansa ya cika jarkoki biyu. Bakanike ya ce guba ce, sai dai a zubar. 'Yan acaɓa suka ce kada a wahalar da Oga, su za su taimaka su kawar masa da ita. Nan take suka ɗura a baburansu, kowa ya buga kik sau ɗaya, babur ya tashi, ya bar wurin da gudu. Babu wanda ya tsaya ya yi tunani a kan wannan, sai ɗan sakandaren, shi kuma an riga an hana shi magana.

Aka aika aka sayo galan biyu wurin ɗan bumburutu a kan kuɗin da ya haura ninki biyu. Bakanike ya cire kan batir, ya ɗan jira, ya mayar. Aka tayar da mota, fitilu duk sun mutu. Aka yi kabbara. Mai motar ya biya kuɗin aiki har da tukuici, ba tare da sanin cewa cire kan batir mantar da ƙwaƙwalwar mota kawai yake yi ba, ciwon yana nan inda yake.

Ba su kai Kwanar Dangora ba karkarwar ta dawo, fitilun suka dawo a jere kamar yadda suka zo da farko.

Bakanike na biyu da aka samu a nan ya saurari salansa ya ce indomi ce ta toshe, a fasa a ciro ta, ba ma sai an biya shi ba. Indomi a bakin kanikawa ita ce matatar hayaƙin da ke cikin salansa, kuma akwai dalilin da ya sa ake yawan son taimaka wa mutum ya rabu da ita. A jikinta akwai ƙarafa masu tsada, falatinam da faladiyam da rodiyam, kuma tana da masu saye. Ita ce ma ainihin abin da ƙwaƙwalwar motar ke ƙoƙarin karewa, domin ɗanyen mai idan ya kama wuta a cikinta narkar da ita yake yi. A nan uwargida ta sa baki. Ta ce, "Baban yara, an yage leda, an kwashe mai, yanzu kuma guduma za a ɗauko? A kira janwe."

Ana ɗaure motar a bayan janwe waya ta shigo daga Zariya, an ɗaura aure, an shafa fatiha, ana tambayar ko lafiya. Kawu ya tare wata tsohuwar motar haya ya shige, ya ce shi ba zai rasa walima saboda kwali da wayoyi ba. Surukai dai sun ga motar a ranar. Wasu daga cikinsu da ke komowa Kano da yamma sun cim mata a hanya, tana zaune ɗaram a kan janwe tana ƙyalli.

Ranar Litinin a garejin dillali wani matashi ya zo da na'ura wadda ba ta fi wayar hannu girma ba. Ya durƙusa ya soka ta a wata kafa mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Wannan kafa ba sabon abu ba ce. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a ƙasar ta zo da tsarin da ake kira OBD-II, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, kuma tun asali don sa ido kan hayaƙi aka ƙirƙiro shi. Duk matsalar da ƙwaƙwalwa ta gani tana ajiye ta da harafi ɗaya da lambobi huɗu. P na inji da giya ne, B na jikin mota, C na ƙafafu da birki, U na sadarwar da ke tsakanin na'urori. P0420 na nuna matatar hayaƙi ta yi rauni. P0171 na nuna iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. P0300 na nuna wuta na tsallake nan da can, idan kuma lambar ƙarshe ta canza, to ita ce lambar silindar da ke da matsalar.

Na'urar ta nuna P0302 da P0303. Matashin ya cire murfin roba, ya zare koyil na biyu da na uku, masu kai wa fulogi wuta, ya haska ramin fulogi da tocila. Ruwa ne kwance a ciki. Wutar da ya kamata ta isa bakin fulogi tana bin ruwan tana zurarewa jikin inji, musamman idan aka matsa wa mota.

"Yallaɓai, wa ya wanke maka inji?"

Mai motar ya yi shiru yana kallon takalminsa.

Aka hura iska a ramukan, aka busar da koyil, aka goge lambobin. Aikin bai kai rabin awa ba. Abin da ya ci kuɗi shi ne maƙalin tiyon mai da bakaniken farko ya karya da kuma robar murfin famfo, waɗanda aka shaida masa cewa garanti ba ta ɗaukarsu, tunda ba kamfani ne ya aike shi gindin bishiya ba. Da ya haɗa lissafi, da tanki guda, da galan biyu, da kuɗin janwe, da tukuicin bakanike, sai ya tarar an cinye masa kusan abin da ake yanka na rancen wata. Matashin ya ƙara da cewa man da ke cikin tankin yanzu, na bumburutu, shi ne ma bai yarda da shi ba.

Ɗan sakandaren ya sami ƙarin matsayi a gidan, domin yanzu shi ake kira ya karanta duk abin da ya fito a gaban sitiyari. Kawu har yau yana kan bakansa cewa da an yi sadakar da ruwan bai shiga ba.

Asabar ta zagayo, mai motar ya koma wurin wanki, don ƙurar hanyar Zariya ta yi mata rawani. Yaron ya taho da gudu yana jan tiyo, ya gaishe shi har ƙasa, ya ce, "Yallaɓai, yau ma a haɗa da inji?"