Fijo Ta Tashi, Magada Sun Farka

A cikin birnin Katsina akwai gidajen da in ka ratsa zaure ka yi sallama, kafin matar gida ta amsa sai ka yi ido huɗu da tsohuwar mota a kan bulo, ba taya, ba gilashin baya, kaza na kwanci a kujerar direba. Gidanmu na cikinsu. Tamu Fijo 504 ce, wadda Baba, Allah ya jiƙansa, ya saya da bashin mota na ma'aikata tun Katsina na ƙarƙashin Kaduna. Lambar Kaduna ce a goshinta har yau, don ta girmi jiharmu da aka ƙirƙiro a 1987.

Yaran yanzu ba su san wace ce 504 ba. A 1968 Faransawa suka fito da ita, a 1975 aka fara haɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, a shekarar kuma 504 ta lashe tseren Safari na Kenya. Zamanin sojan Obasanjo ita ce motar manyan gwamnati. A tasha kuwa doguwarta ce ke kwasar mutane zuwa Kano, Jibiya da Maraɗi, da buhu a kan but da akuya a kan buhu. Turai ta daina yin ta tun da daɗewa, Kaduna ba ta saki ba sai wajen 2006. Tamu ta yi ritaya ne a wahalar man zamanin Abacha. Baba ya shigo da ita tsakar gida ya ce ta ɗan huta kafin mai ya samu. Mai ya samu, ya ɓace, ya sake samuwa, ita tana nan tana hutawa.

Ɗan gwangwan ne ya tsokano ni. Ya leƙo, ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa bodi da ɗan yatsa, sannan ya taya ta da kilo. Motar da ta kai Hajiya asibiti ranar da za a haife ni, da kilo! A daren na kwana kallon wani Bature a YouTube yana tayar da irinta, cikin gareji mai tayil, da farar riga, ko ɗigon baƙin mai bai taɓa shi ba. Da asuba na sanar da gida cewa ni zan tayar da motar Baba da hannuna. Hajiya ta dube ni daga kan dardumarta ta ce, "Allah ya ba da sa'a. Fitilar ɗakina da ka kwance bara fa?"

Aikin farko korar 'yan haya. Kaji sun tashi da tsiya. Ɓeraye sun riga sun cinye wayoyin wuta, sun yi katifa da soson kujera. A but na tarar da tukwanen biki, tsohon dutsen guga, da ƙullin daddawar da Gwaggo ta yi shekaru tana zargin 'yar aiki da sacewa.

Inji ya cije, ko motsi ba ya yi. Na cire fulogi na ɗura kananzir da baƙin mai a ramukan, na bar shi ya jiƙa, sannan na kwance kan injin na sa sifana na murɗa da ƙarfin tuwo. Ya juya! Na mayar da komai, na zuba ruwa a lagireto, na je na yi wanka ina jin kaina injiniya. Washegari na zaro sandar auna mai, sai ga shi ya koma ruwan shayi da madara.

A nan tsohon bakaniken unguwarmu ya shigo labarin. Ya daina aiki, idonsa ya yi rauni, amma kunnensa na jin ciwon Fijo daga bayan katanga. Ya zauna a kan turmi, ya lakato man ya murza.

"Ɗana, halan ka juya inji bayan ka cire kai?"

"Na juya, Baba."

"Ka danne silif kafin ka juya?"

"Mi ne ne silif?"

Ya yi salati. Sannan ya karantar da ni. Injin 504 ba kamar na Japan da muka saba gani ba ne. Kowane fistin yana gudu ne cikin wani bututun ƙarfe da ake zarewa, ruwan sanyaya inji na kewaye da shi, a gindinsa kuma akwai ɗan siririn abin da ke raba ruwa da mai. In ka cire kai ka juya inji ba ka danne bututun ba, sai ya ɗago, ruwa ya gangara cikin mai. Amfaninsa, inji ba ya mutuwa: a canza silif da fistin da ringi ya koma sabo, shi ya sa direbobin tasha suka riƙe ta. Na ce to ai laifin Baturen YouTube ne da bai faɗa ba. Tsoho ya ce Baturen ya faɗa, a wurin da na tsallake.

Neman kaya ya kai ni Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Samarin 'yan kasuwa in na ce 504 sai su kira babansu. Dattawan kuwa sai sun ba ni kujera, sun ba ni labarin tasu, kafin su shiga can ƙuryar shago su fito da kwantak da kabireta cikin kwali mai ƙura. Albashi ya bi gaskit, kuɗin adashi ya bi batir da taya. Wani yaron rewaya da na ɗauko ya zo da na'urar kwamfuta, ya yi ta rarrafe ƙarƙashin sitiyari yana neman inda zai soka ta. Da ya gaji ya ce motar ba ta da ƙwaƙwalwa. Maiɗakina, da ke tsince shinkafa a gefe, ta ce ai ba ita kaɗai ba.

Kafin a ankara aikin ya zama na unguwa. Bayan La'asar sai tsakar gida ta cika da masana. Wannan ya ce fulogi ne, wancan ya ce aljanu sun daɗe a ciki, a yi hayaƙi tukuna. Kowa kuma sai an kawo masa shayi.

Ranar tayarwa na jera wayoyin fulogi yadda littafi ya ce: 1, 3, 4, 2, na ƙirgo daga gaba kamar kowane mai hankali. Ɗan Yaya ya murza makulli, ni kuma na sunkuya kan kabireta ina ɗiga mata fetur. Ƙarar da ta biyo baya, har Ƙofar Soro an ce an ji ta. A wannan zamani ƙara irin wannan ba abin wasa ba ce a jiharmu: mai shayi ya bar tukunyarsa, masana suka haɗu a ƙofar zaure kowa na son riga kowa fita, mai unguwa ya iso da takalmi ƙafa ɗaya. Ni kuwa gefen gemuna na dama ya riga ni gidan gaskiya.

Tsohon bakanike kaɗai bai tashi daga kan turmi ba. Ya ce, "Fijo daga baya take ƙirga tukwanenta, daga wajen kuloci. Taka lamba ɗaya ita ce tasu lamba huɗu. Wuta ka ba ta tana shaƙar mai." Jama'a ku yi mana shari'a: mutanen da ke ƙirge daga baya, ni ne da laifi ko su?

Ya juya wayoyin da hannunsa yana lalube. Aka murza. Ta yi tari, ta yi atishawa, sai ta kama, da wannan gurnani nata mai taushi da duk wanda ya taɓa tafiya Kano a kujerar baya ya sani. Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Hajiya ta share ido da bakin mayafi. Na shiga, na taka kuloci, na sa giya ɗaya, na ɗaga kai don in nufi ƙofa.

Babu ƙofa. Inda get yake lokacin da Baba ya shigo da ita, Yaya ya daɗe da gina shago ya zuba ɗan haya mai sayar da shinkafa. Kullum ta gaban shagon nake wucewa, kullum masanan nan a jikin bangonsa suke jingina, ba wanda ya ce uffan. Abin da ya rage zaure ne, wanda ko babur sai an karkata shi.

Fasa shago sai da taron gida, taron gida kuma shi ya tashi magada. Motar da ta shekara ashirin da ɗoriya kaji na kashi a kanta ba wanda ya ce tasa ce, ranar kowa ya tuna ba a raba ta ba. Aka kira Malam. Ya ce Hajiya na da tumuni, sauran a raba tsakaninmu, maza biyar mata huɗu, namiji rabon mata biyu. Ya buga lissafi ya ce nawa kashi ɗaya ne cikin takwas. Injin tukwane huɗu ne, ke nan rabin fistin gare ni. Na kawo maganar kuɗin da na kashe, Yaya ya ce, "Wannan ai sadaka ka yi wa Baba, kada ka ɓata ladarka." Ya ƙara da cewa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ko ta fita wa zai shayar da ita? Shago kuwa shi ke shayar da gida.

Yanzu ranar Juma'a nake tayar da ita, in yi gaba har bakin rijiya, in yi ribas har gindin darbejiya. In an ɗauke wuta 'yan'uwa mata su jona wayoyinsu a batir, kowace na cewa cikin kasonta take ci. Amaren unguwa na zuwa ɗaukar hoto a kujerar baya.

Da na sake tayar da maganar a taron Sallah, Yaya ya ce shi ya samo mafita: tunda na iya, in kwance ta gaba ɗaya, a fitar da ita gunduwa-gunduwa ta zaure, in sake haɗawa a waje. Kowa ya ce madalla. Ɗan gwangwan ma ya aiko a gaya mini, ranar da na gama kwancewa in kira shi, zai zo da kurarsa ya taya ni fitarwa, kyauta.