A Kai Gasar Timiya

Ku riƙe dariyarku tukuna, ban gama ba. Cewa na yi duk ranar da Nijar ta tashi shirya gasar ƙasa ta masu lalurar jinkirin fahimta, a kai ta Timiya. E, Timiyar nan ta cikin duwatsun Abzin, mai lemu da rumman da dabino, wadda ke sama da kilomita 200 daga Agadas.

Alhaji ya riga ya ɗaga yatsa: "Ta wace hanya?" Gaskiyarka, Alhaji, hanyar tana jijjiga ƙashi. Amma lemun Timiyar da kake ɓarewa a kasuwar Agadas, fiffike ya yi ya zo? Motar da ta sauko da buhuna ba za ta rasa ƙarfin hawa da yara ba.

"To ina filin wasa?" Ga kori nan shimfiɗe da yashi muddin ba damina ba. Akwai wasan mirgina ƙwallo da ake kira boce, wanda irin waɗannan 'yan wasa suka ƙware a kai. Filinsa tsawon mita 18 ne da 'yan kai, faɗi bai cika mita 4 ba. Garkar kowane manomi a garin ta fi shi girma.

Mu dai faɗa wa juna gaskiya, ba hanya ce ta dame ku ba. Abin da ke bakinku kuka kasa furtawa shi ne, "Waɗannan har wasa suka iya?" Sun iya, Hajiya, kuma sun daɗe da iyawa. A 1968 Eunice Kennedy Shriver, ƙanwar tsohon shugaban Amurka John Kennedy, ta buɗe gasar Special Olympics ta farko a Shikago da 'yan wasa kusan 1,000. 'Yar'uwarsu Rosemary tana da irin wannan lalura, saboda haka ba a littafi ta karanto zafin abin ba. A 2020 aka yi ta nahiyar Afirka a Alƙahira, a 2023 kuma sama da 6,000 suka taru a Balin ta Jamus. Ba sadakar lambar yabo ake rabawa ba fa. Gwaji ake fara yi, a ware kowa da tsaransa, rukuni daga mutum 3 zuwa 8, sannan a busa usur. Wanda ya sha kaye a hannun tsaransa ya sha. Yaron da kuka ajiye a ƙuryar ɗaki don kada baƙi su gani, da shekara 8 ya isa shiga.

Gasar takobin kokowa tun 1975 take zagaya jihohi, ta sauka Agadas a ƙarshen 2023, ban ji wanda ya yi kukan nisa ba. Don ɗan kokowa Isaka Isaka kuna iya kwana a tasha.

Af, na kusa mantawa. Akwai tsarin da ake haɗa masu lalura da marasa ita a ƙungiya ɗaya, don haka na rubuta sunanka, Alhaji. Atisayen farko shi ne hawa dutsen da tsohuwar ganuwar Faransawa take kai, a sauko kafin shayin farko ya nuna. Ka zo da takalmin kirki, kuma don Allah kada ka ce gwiwa ce.