Masanin Siyasar da Bai Ci Akwatinsa Ba

Tare da digirin kimiyyar siyasa na kwaso wata cuta daga jami'a: ba na iya jin ana hirar zaɓe in kama bakina. Ko a zaman makoki ne, da an shafa fatiha wani ya ce "ya kuke ganin bana?", sai in gyara zama.

Tun ina aji ɗaya Baba ya gano ni. Ya tambaye ni ko kansila zan zama in na gama, ko ciyaman. Na zuba masa bayanin Makiyabeli da Kal Maks har shayinsa ya huce. Ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Su waɗannan a wace jam'iyya suke?"

A 2015 na tsaya a teburin mai shayi na yi rantsuwa cewa shugaba mai ci ba ya faɗuwa zaɓe a Najeriya, tunda ba a taɓa yi ba. Mai shayin ya ce, "Malam, bana za a yi." Jonathan ya kira Buhari ya taya shi murna tun ba a gama sanar da sakamako ba. Ni kuwa na koma shan shayi a wata unguwar.

Ban daddara ba, na fito takarar kansila. Na rubuta manufofi shafi-shafi. Abokin karawata bai rubuta ko layi ɗaya ba, amma babu suna, ɗaurin aure ko jana'izar da ta wuce shi a mazaɓar. Daliget suka ci tuwona, suka ce "an gama, ranka ya daɗe." Ashe ni aka gama da shi. Gwaggo ce ta yi mini sharhin da ba ya cikin littafi: "Ɗan nan, da mijin shugabar mata ya rasu, ka je gaisuwa?" Ban je ba. Abin haushin, kundin digirina a kan Malam Aminu Kano da NEPU na rubuta shi, mutanen da tun a 1950 suka riƙa bin talaka har ƙauyensa.

Yanzu gidan rediyo ke gayyata ta a matsayin mai sharhi, kuma na lura kowace majalisa tana da irina, wasu ma ba su sha wahalar digirin ba. Hasashen 2027 kuwa na riga na kammala shi, in kuna da lokaci.