Rana Ta Faɗi, Taransifoma Na Ci

Ka ce rana kyauta ce, wace asara kuma ake wa kuka a tashar sola? Sannu da hikima, Malam. Ranar kam kyauta ce, amma faifan sola da inbata da taransifoma ba a rabon sadaka aka samo su ba. Duk yunit ɗin da ya salwanta a hanya, kuɗin wani ne ya bi iska.

Ɗauki tashar Chalawa ta Kano mai megawat 10, wadda aka ƙaddamar a 2023, ko ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30. Wutar da inbata ke fitarwa ba ta wuce 'yan ɗaruruwan bolt, babban layi kuwa dubbai yake so. Dole ta ratsa taransifoma, ita kuma ba ta aikin banza.

Ka ce ai injiniyoyi sun ce tana miƙa kashi 98 ko 99 cikin ɗari? Sun faɗa, ba su yi ƙarya ba. To yi lissafin da kake gudu tun firamare: kashi 1 na megawat 10 kilowat 100 ne. Wannan ne kake kira ƙyas?

Ga inda zan ba ka haushi. Cin taransifoma iri biyu ne. Akwai na wayar tagullar da aka naɗe a ciki, wanda ke tashi da nauyin aiki: wuta ta ninka biyu, asara ta ninka huɗu. Akwai kuma na ƙarfen cikinta, wanda maganaɗisu ke juya shi gaba da baya sau 50 a daƙiƙa. Kugin nan da kake ji idan ka wuce kusa da ita, daga nan yake fitowa. Wannan cin ba ruwansa da rana. Muddin tana jone da layi, kamar doki ce a turke: an yi sukuwa ko ba a yi ba, sai ya ci harawa. Da magariba faifai sun tashi daga aiki, ita kuwa ta juya tana zuƙar wuta daga layin da aka gina ta don ta ciyar. A ce kilowat 2 kacal take ci. Shekara awa 8,760 ce, ka ga yunit 17,520 ke nan, fiye da rabinsu a lokacin da tashar ba ta sayar da komai.

To a kashe ta da dare mana, ka ce. Madalla, yau ka yi magana! Ana yin haka. Sai dai duk asubar da aka kunna ta, takan fizgi wuta ninkin-ba-ninkin na ɗan lokaci, makunni ya gaji, layi ya girgiza. Sai da na'urar da ke daidaita lokacin kunnawa, da wata 'yar ƙaramar taransifoma ta riƙe fitilu da kyamarorin tsaro.

Ka ce a sayi ƙatuwa a huta? Haba, mai son girma! Ƙarfe ya ƙaru, cin dare ya ƙaru. Ƙarama fa, don rowa? Jira azahar ta watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, faifai suna kan ganiyarsu: waya ta ɗau zafi, asara ta hau, takardar da ke raba wayoyin ta tsufa da wuri.

Akwai taransifomomi masu cikin da aka yi da siririn ƙarfe da aka sanyaya farat ɗaya tun yana narke, waɗanda ke rage cin dare da wajen kashi biyu cikin uku. Suna da tsada, na ji ka. Amma tashar sola shekara 25 ake sa ran ta yi, kai kuwa farashin ranar saye kaɗai ka duba. Nemi takardar gwajin masana'anta, ka karanta layin asarar da take yi ba lodi, ka ninka da awa 8,760, ka sake ninkawa da 25, sannan ka dawo mu ci gaba da musun. Ka taho da kalkuletarka, tawa ba ta aro ba ce.