Bazabarme, Bar wa Adaka Hayaƙinta

Zuwa ga bawana na Gaweye, jikan Mali Bero kakan Zabarmawa, gaisuwa daga ubangidanka Bagobiri. Yaya kwanon kopto, kwaɗon zogalenku?

Labari ya iso mini cewa ka yi bindiga. Adaka ce, in ji mai ba ni labari, ka kai wa wani maƙeri ragowar ta kakanka wadda tsatsa ta cinye, ya duba ya ƙera maka sabuwa irinta sak, har da zanen tagulla a gindi, don ka riƙa harbawa sama ranar naɗin sarauta da ɗaurin aure a ƙauyenku. Har nan ban ga laifinka ba. Bawa ma yana da ikon yin ado in ubangidansa ya yarda. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da aka ce kana yi a fada bayan la'asar: wai hayaƙin albarushi yana ɓata maka farar shadda, yana sa ka tari gaban mata, saboda haka za ka farke kartush na bindigar farauta ta zamani, ka zazzage garin da ke ciki ka ɗura wa adakarka, ka samu ƙara ba hayaƙi.

Kai, Bazabarme! Kallon kitse kake yi wa rogo. Don ka ga wannan gari ne wancan ma gari ne, shi ke nan sun zama ɗaya?

Zauna ƙasa in karantar da kai. Baƙin albarushi na kakanni haɗin gawayi ne da farar wuta da wani irin gishiri mai ciyar da wuta. Idan ya kama, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, toka yake zama da hayaƙi da wannan dauɗa da ke manne wa cikin bindiga. Abin da kake ƙyama ke nan, kuma shi ne ya bar wa maharban ƙasar nan yatsunsu goma. Ƙarfinsa yana da iyaka, shi ya sa maharbi ke auna shi da ɗan mazubi ko da tafin hannu, in ya ɗan zarce kaɗan sai dai kafaɗarsa ta gaya masa. Garin da ke cikin kartush kuwa asalinsa auduga ce da aka sarrafa da ruwan asid. Kusan dukansa iska yake zama, ƙarfinsa ya ninka na albarushi wajen sau uku, sa'an nan yana da wata muguwar ɗabi'a: gwargwadon matsin da ya samu, gwargwadon saurin cinsa, saurin cin kuma ya ƙara matsin. A masana'anta da ma'aunin da ke gane nauyin ƙwayar gero ake auna shi. Kai da wane ma'auni za ka auna, da cokalin shayinka? Ka tambayi maƙerin naka da me ya yi bututun. In mai gaskiya ne zai ce maka bututun famfo ne ko sandar sitiyarin tsohuwar mota. Injin tirela kake shirin ɗaura wa amalanken jaki, kai kuma ka hau sama ka riƙe linzami. Kuma ka tuna inda gindin bututun yake lokacin da kake jan kunama: dab da kuncinka, ƙarƙashin idonka na dama.

Na san abin da za ka ce, don na san bakin Zabarmawa. Za ka ce Bagobiri ne zai koya wa mutane bindiga, alhali Sarkin Gobir Yunfa ne ya auna Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a fadar Alƙalawa, bindigar ta juyo da wuta ta ƙone shi? To, na ji. Haka masu tarihi suka rubuta, ban musa ba. Amma ka lura, wancan albarushin gargajiya ne, shi ya sa sarki ya tashi da ƙuna kawai ya ci gaba da mulki har 1808. Da irin garin da kake shirin ɗurawa ne, da ranar aka naɗa magajinsa. Mu mun yi karatunmu tun fiye da shekara 200, a fada, gaban malamai. Ku kuwa, in ji labarinku na Mali Bero, tafiyarku ta fara ne da hawa gindin rumbu ku tashi sama har Sargan, don haka ban yi mamaki ba da har yanzu kuke neman abin da zai cilla ku sama.

Shi garin da ba ya hayaƙi, ka san don wa aka yi shi? Wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ne ya haɗa shi a 1884, bayan shekara 2 aka fito da bindigar Lebel, ta farko da wata rundunar ƙasa ta riƙa da aka ƙera musamman dominsa. Kafin ita sojan Faransa Gras yake riƙewa, ta 1874, mai cin harsashi ɗai-ɗai da baƙin albarushi, harsashinta na gudun mita 450 a daƙiƙa ko kusa da haka. Na Lebel ya haura mita 600, ga shi tana haɗiye harsashi 8 a cikinta. Soja yana son ya yi harbi ba a ga inda yake ba, kuma kada hayaƙin harbin farko ya rufe masa ido a na biyu. Wannan canji ya faɗo daidai lokacin da Turawa suka doso ƙasashenmu. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a shekarar da Vieille ya gama aikinsa, ya tara bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a cikin Zinder, makwabta na jin tsoronsa. Shekara 15 bayan haka, a 1899, ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar nan, ya bi ta Lugu wurin Sarauniya, ya yi wa Birnin Ƙonni abin da har gobe ba a manta ba, ragowar ayarin kuma ya shiga Zinder ɗin. Mai ɗuri ta baki yana tsaye yana zuba gari yana dannawa da sanda, hayaƙinsa ya riga ya nuna inda yake, mai bindigar zamani kuma yana kwance yana ta sakin wuta. A wannan fage garin zamani ya yi nasara, ba gardama.

To kai wa kake ɓoye wa? A taron biki kake, ka sha rawani, makaɗa na zuga ka. Je ka Kano ranar hawan Daushe ka ga 'yan bindigar sarki: idan suka saki wuta ƙasa ta girgiza, farin hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su ɗaga ƙafa, yara su toshe kunne suna dariya, warin farar wuta ya bi iska har bayan fage. Ka cire hayaƙin nan, me ya rage? Wata 'yar ƙara tas, kamar an fasa leda. Kai da ka biya kuɗi don a gan ka, kake neman garin da aka ƙirƙira don kada a ga mutum.

Kada kuma ka kawo mini zancen Turawa, wai ka gani a waya suna harba tsofaffin bindigogi ba hayaƙi. Gaskiya ne akwai masu wannan sha'awa a Amurka da Turai, kuma kamfanonin Italiya irin su Pedersoli da Uberti suna ƙera musu sababbin bindigogi bisa samfurin na da, kamar Sharps ta 1874. Amma waɗannan da ƙarfen zamani aka yi su, kuma doka ta hana a sayar da ko ɗaya sai ta bi ta gidan gwaji na Gardone Val Trompia, inda ake ɗura mata fiye da kima a harba, in ta tsira a buga mata hatimi. Wadda aka gwada da baƙin albarushi ana buga mata PN, wadda ta jure garin zamani PSF. Masu cin kartush ta baya ne ke samun hatimi na biyu. Masu ɗuri ta baki irin taka, ko da Italiyan ce ta ƙera su, a jikin bututun ake rubuta cewa baƙin albarushi kaɗai. Su ma can gardamar ba ta ƙare ba tsakanin masu cewa bindigar da sai garin da, da masu ƙyuyar wanki. Juya taka ka duba, wane hatimi ke jikinta ban da sawun guduma?

Na ambaci ƙyuyar wanki da gangan, don na san nan ne ciwon yake. Dauɗar albarushi tana jan laima, kai kuma a bakin kogin Isa kake kwana, in ka jingine ta bayan ƙofa ba wanki, kafin damina ta fita tsatsa ta yi mata abin da ta yi wa ta kakanka. Maganin bai wuce ruwan zafi da tsumma da sanda ba, a busar, a shafa mai, a ranar da aka yi harbin. Mutumin da ke iya tsallaka gadar Kennedy da ƙafa da tsakar rana don an ce masa zogale ya yi araha a wancan ƙetare, bai kamata tafasa ruwan buta ɗaya ya gagare shi ba. Shaddar kuma, sa baƙa ko shuɗiya ranar harbi, ka bar farar sai Juma'a. Ka tabbata kana da takardar izini, don jandarma ba ya wasan taubasai, ni ma ba zan zo beli ba sai an rubuta a takarda cewa dukiyata na zo karɓa.

Watan cika-ciki na tafe. Ka tanadi kuɗin sharata, jika biyar ba ragi, ka kawo da kanka, ka miƙo da hannun dama in ƙirga yatsun kafin in ƙirga kuɗin.